FILIN MATA: GIZO YA ZO MANA SALLA

 

Makon jiya na sami takarda daga wata 'yar makaranta a Kebbe. Ta ce ta gani a wayar yayarta hotunan wani ɗan tsana mai jar riga da jar hula, yau ga shi zaune bisa kanta, gobe ya faɗa cikin kofin shayi, jibi yana lilo a jikin labule, 'ya'yan Turawa kuwa suna ta murna. Tana tambaya mene ne wannan, kuma ko ya kamata ta yi wa ƙannenta irinsa kafin Salla. Ta ƙara da wata magana wadda ta tsaya mini a rai. Ta ce bana a gidansu ba a bar yara sun fita kallon tashe ba, da an sha ruwa sai a rufe ƙofa saboda halin da ƙasa take ciki, ƙannenta su zauna su yi tsuru-tsuru, in ba faɗa ba sai kuka.

Na san ba gidansu kaɗai ba ne. A garuruwanmu da yawa dandali ya yi shiru da dare, kakannin da ke tara jikoki su yi musu tatsuniya kuwa sun fara ƙaranci, waya ta karɓe wurinsu. Tun da wasa ya kasa fita waje, tilas mu mata mu shigo da shi cikin gida. Saboda haka na ajiye maganar ɗinkin rigar jariri da na yi muku alkawari sai wani mako, yau ga amsar wannan yarinya, ga kuma rabon duk wadda take da ƙananan yara a gabanta.

ASALIN ABIN

Wannan ɗan tsana ba tsohon abu ba ne ko a wurin masu shi. A shekarar 2005 wata mata mai suna Carol Aebersold da 'yarta Chanda Bell, mutanen Jihar Jojiya ta ƙasar Amurka, suka buga wani ɗan littafin yara mai suna The Elf on the Shelf, ana sayar da shi tare da ɗan tsanan cikin kwali ɗaya. Abin da suke kira elf wata 'yar mitsitsiyar halitta ce mai kama da mutum ta cikin tatsuniyoyin Turawa. Daga wajen ƙarshen watan Nuwamba har zuwa 24 ga Disamba, watau jajibirin Kirsimeti, iyaye suna ajiye shi a wani wuri cikin ɗaki. Ana gaya wa yara wai yini yake yi yana kallonsu, da dare ya tashi ya tafi can ƙuryar arewacin duniya, ya kai wa tsohon nan mai farin gemu da suke cewa yana rabon kyautar Kirsimeti labarin wanda ya yi kirki da wanda ya yi ƙiriniya. Kafin gari ya waye ya komo ya sake wurin zama. An kuma kafa doka kada yaro ya taɓa shi, wai in an taɓa shi sihirinsa ya gudu. Alhali kuwa uwa ce take lallaɓawa da dare ta sauya masa wuri.

In kun lura abu biyu ke cikin wannan wasa. Na farko mai kyau ne, watau yaro ya farka da ɗoki, ya zaga gida yana nema, ya gani ya yi dariya. Na biyu shi ne a sa wa yaro ɗan leƙen asiri a kansa. Ko a Amurka iyaye da malaman makaranta da yawa sun soki wannan na biyu. Ni kuwa ba a littafi na koyi illarsa ba, a jikina na ji.

KUSKUREN DA NA YI BARA

Ina zaune gidan yayana a nan Tambuwal tun da na gama kwalejin horon malamai na fara koyarwa. Yana da 'ya'ya biyu ƙanana, Ɗanjuma mai shekara 7 da Tasalla mai shekara 4. Bara cikin azumi ƙiriniyarsu ta ishi uwarsu, ga aikin abincin shan ruwa, ga ƙishirwa, ubansu kuma ya yi tafiya. Sai na ce bari in gwada dabarar Turawa. Na ɗinka ɗan tsana da jan ƙyalle, na zaunar da shi bisa kanta tsakanin kwanonin jere, na tara yaran na ce musu wannan yana ganin duk abin da kowa ya yi, kuma kullum da dare yana zuwa ya gaya wa Babansu.

Kwana biyu gida ya yi tsit, har ina yi wa matar yayana alfahari da ilmin zamani. Daren na uku sai Tasalla ta ƙi shiga ɗakin. Da aka lallashe ta ta kwanta, ta yi fitsarin kwance, abin da ta daɗe da bari. Da safe muka tarar da ƙoƙon kununta ɓoye bayan randa, ashe ta zubar da kunun jiya, maimakon ta faɗa kamar yadda ta saba, sai ta ɓoye. Ta kama zanena ta ce, "Gwaggo, shina ganina har cikin duhu?"

Ran nan Innarmu ta iso daga Kebbe. Da ta ji labari ba ta ce kome ba sai da ta sauko da ɗan tsanan ta jefa shi cikin adaka ta rufe, sa'an nan ta dube ni ta ce, "Ke da anka kai makaranta ki koyo renon ɗiya, wanga shi na abin da kinka koyo? Yaron da ka jin tsoro ba kirki shika koyo ba, ɓoyo shika koyo." Kunya ta rufe ni, domin gaskiya ta faɗa. Na tuna ni ma ina yarinya an ce mini akwai Dodo cikin tsohuwar rijiyar bayan gidanmu, har na shiga sakandare ban iya bin wurin nan da magariba ba.

Abin haushi, dalilin wannan duk an koya mana a kwaleji. Wani masanin halayyar yara mai suna Jean Piaget, mutumin ƙasar Suwizalan, wanda ya rasu a 1980, ya nuna cewa yaro tsakanin shekara 2 da 7 yakan ɗauka abubuwa marasa rai suna da rai, suna gani suna ji. Shi ya sa yarinya takan bugi kujerar da ta yi tuntuɓe da ita, takan kuma ba 'yar tsanarta abinci. Abin da muke ɗauka raha, a wurinta gaskiya ne tsantsa. Na rubuta wannan a jarrabawa na ci, amma ranar amfani da shi na manta.

Ba mu kaɗai muka taɓa yin wannan kuskure ba. A tsibirin Ayislan, can arewacin Turai, suna da tatsuniyar wasu samari 13, 'ya'yan wata dodanniya, waɗanda ake cewa suna saukowa daga duwatsu ɗaya bayan ɗaya cikin darare 13 kafin Kirsimeti. A da da su ake razana yara, har abin ya yi yawa, a shekarar 1746 hukuma ta kafa dokar hana iyaye tsorata 'ya'yansu da su. Yau samarin nan sun zama abin dariya, yaro yakan ajiye takalminsa a taga su sa masa 'yar kyauta a ciki. Ashe ana iya cire tsoro a bar wasa. Na sani uwar da ta ce akwai Dodo cikin rijiya so take ta tsare ɗanta daga faɗawa, amma murfin rijiya ya fi Dodo tsaro.

MU MA MUNA DA NAMU

Inna ce ta ba ni mafita. Ta ce in baƙo nake so in kawo wa yara, me ya hana in kawo wanda suka sani, watau Gizo, mijin Ƙoƙi? Da na yi tunani na ga lalle kowa ya bar gida gida ya bar shi.

Gizo namu ne tun kaka da kakanni. Littafin tatsuniyoyin Hausa da Frank Edgar ya buga kashi 3 tsakanin 1911 da 1913, da yawan abin da ke cikinsa malaman ƙasar Sakkwato ne suka rubuta da ajami, Razdan Burdon ya tara ya ba shi, kuma Gizo ya cika shi. Marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ma ya tara wasu cikin littattafansa 6 na Tatsuniyoyi da Wasanni a farkon shekarun 1970, iyayenmu da yawa da su suka koyi karatu. Har a Gana mutanen Ashanti suna da nasu gizon mai suna Ananse, bayin da aka kwashe suka haye teku da labarinsa har Jamaika. Abin kunya ne a ce 'ya'yanmu ba su san sunan Gizo ba sai in an ce yanar gizo.

Ga inda Gizo ya fi ɗan tsanan Amurka. Na ɗaya, ba wanda ke tsoronsa, domin ko yaye ya san Gizo makwaɗaici ne, mai tsamin baki, mai wayon da kullum ke ƙarewa a kansa. Na biyu, kowa ya san tatsuniya ne, ba aljani ba ne, ba kuwa za a kawo wa yaro ruɗu cikin abin da ake koya masa a makarantar allo ba. Kada ko da wasa a kira wannan abu aljani. Na uku, kuma shi ne babba, a can baƙon ne yake tsaron yara, a nan kuwa yara ne za su tsare baƙo. Gizo ne zai riƙa yin laifi, su kuma su kama shi, su yi masa faɗa, su nuna masa daidai. Yaron da ya tsaya ya gaya wa Gizo ba a barin randa a buɗe, ya riga ya gaya wa kansa.

Wata za ta ce, ina ruwan azumi da 'yar tsana? To, ya zo cikin Buhari da Muslim cewa Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu ta ba da labarin yadda matan Madina suke yi wa yaransu abin wasa da gashin tumaki ranar azumin Ashura, in yaro ya yi kukan abinci a ba shi ya yi wasa har rana ta faɗi. Ya kuma tabbata Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, tana da 'yan tsana da take wasa da su tare da ƙawayenta. Duk da haka sai ki shawarci maigida tukuna. In yana da shakka a kan yi masa fuska, a bar shi ba fuska, hula da ƙafafu sun isa, ko a tambayi malamin unguwa.

YADDA ZA KI HAƊA SHI

Ba sai kin kashe ko kwabo ba. Nemi ƙwallon goriba babba wanda aka gama ci, ki wanke ki shanya. In babu, ki dunƙule auduga cikin tsumma kamar girman lemon zaƙi. Ki naɗe shi da baƙin ƙyalle ki ɗinke. Sa'an nan ki tufka igiyar tsumma guda 4, kowace kamar taƙi ɗaya, ki ɗinke tsakiyarsu a ƙarƙashinsa, kin ga ƙafa 8 ke nan. Kada ki yi ƙafafun da tsinke ko waya, domin suna tsokane ido. Yanzu lokacin ɗinkin Salla ne, aiki yaro wurin tela ya roƙo guntayen yadi, ki yi masa 'yar hula da 'yar riga mai launi. In za ki yi idanu, yi su da farin zare. Kada ki sa maɓalli ko dutsen ado, mai rarrafe yana iya cirewa ya haɗiye.

In da hali a yi masa Ƙoƙi da karan dawa, doguwa siririya, a ɗaura mata ɗan kallabi. A nan ma akwai karatu, yaro ya ƙirga ya ga gizo-gizo ƙafarsa 8, ƙoƙi-ƙoƙi kuwa 6 kamar sauran ƙwari.

Kwana 10 sun isa. Matan Amurka da yawa suna kukan wata guda ya yi musu tsawo, dabara takan ƙare, uwa ta manta ta yi barci. Ki fara daga 21 ga azumi zuwa jajibiri. Mu kuwa Allah ya hutar da mu tashin dare na musamman, tun da dole mu tashi sahur. Kafin ki koma ki kwanta sai ki sauya masa wuri, aikin minti 2 ne, ba zai taɓa ibadarki ta goman ƙarshe ba.

Tsofaffi sun hana tatsuniya da rana, mu ma ba za mu karya ba. Da dare bayan asham ki tara yaran ki buɗe da "Ga ta nan ga ta nanku", su amsa, ki ba su ɗan gajeren labari na abin da Gizo yake ƙullawa gobe, ki rufe da "ƙurunƙus". Wannan buɗewa da rufewa su ne shaidar da yaron Bahaushe yake gane cewa an shiga wasa, an kuma fito. Da safe sai nema.

'Yan makaranta, ga aikinku. Ku ne za ku rubuta 'yar takardar da Gizo zai riƙe kowace safiya, layi ɗaya ko biyu da manyan baƙaƙe, da boko ko da ajami, ku karanta wa ƙannenku da muryar Gizo. Mai shekara 6 ko 7 a bar shi ya yi ƙoƙarin haɗa baƙin da kansa.

KWANA GOMA NA GIZO

Ga yadda muka yi a gidanmu bayan na gyara kuskurena. Kowa ta sauya gwargwadon gidanta.

Rana ta 1. Gizo ya iso, an same shi zaune bisa faifai a bakin ƙofa, ya shigo ba sallama. Yara su koya masa sallama da gaisuwar safe. A ba shi ƙoƙo da tsakuwa 10, kullum yaro ya cire ɗaya.

Rana ta 2. An same shi cikin takalmin Baba, ya hargitsa takalman gida duka. Yara su haɗa kowane da ɗan'uwansa, su jera daga ƙarami zuwa babba.

Rana ta 3. Ya hau bakin randa ya bar ta buɗe, moɗa kuma a ƙasa. Yara su wanke moɗa, su rufe randa, su gaya masa abin da ƙuda da ƙura suke kawowa cikin ruwan sha.

Rana ta 4. Ya zo da kacici-kacici a takardarsa, amsar wani abu ne na cikin gida, kamar turmi ko tsintsiya. Wanda ya gane ya je ya tarar da dabino ɗaya a wurin.

Rana ta 5. An kama shi bayan ƙofa da guntun ƙosai a gabansa, alhali jiya ya cika baki wai shi ma yana azumi. Wannan ita ce ranar da ta fi ba yaranmu dariya. Daga nan sai ki nuna musu laifin Gizo ba cin ƙosai ba ne, ƙaryar da ya yi ce, domin ƙaramin yaro ba a ɗora masa azumi ba. Wanda ya iya rabin yini a yaba masa, wanda bai iya ba kada a yi masa gori.

Rana ta 6. Ya naɗe kansa da zaren ɗinki ya kasa fita. Yara su warware shi a hankali su naɗe zaren. Wannan yana koya wa yatsu haƙuri, yana kuma shirya su riƙon alƙalami.

Rana ta 7. Ya zauna bisa murfin kwano ya ce shi kaɗai zai cinye. Yara su yanke masa hukunci, watau da la'asar sakaliya a zuba kunu ko ƙosai su kai wa wata tsohuwa ko marayu a maƙwabta, babba ya raka su, Gizo yana cikin aljihu don ya ga yadda ake kyauta.

Rana ta 8. Ya shafa gawayi a ƙafa ya yi sawu bisa takarda. A ba yara gawayi ko alli su zana shi da Ƙoƙi a ƙasa, su ƙirga ƙafafu.

Rana ta 9. An same shi cikin mudu bisa buhun gero, ya zo ganin zakkar fidda kai. Yaro ya ƙirga mutanen gida har da jariri, ya tsaya ya ga Baba yana auna wa kowane kai mudun Annabi 4, ya kuma ji inda za a kai ta da dalili.

Rana ta 10. Jajibiri, an same shi kusa da ƙwaryar lalle yana roƙo a ƙunsa masa ƙafa 8 duka. Yara su taya shara da wanke-wanke, su yi masa ban kwana.

Ku tuna wata yakan yi 29 ko 30. Saboda haka daren da aka cika 29 a zauna da yara kusa da rediyo a saurari sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi. In an ga wata, sai a ce Gizo ya yi gaggawa, a haɗa ban kwana da lalle a daren nan, tsakuwar da ta rage a bar masa guzuri. Safiyar Salla ba a ganinsa, sai 'yar kyauta a wurin da ya fara zama, dabino ko alewa ko ɗan abin hannu, kowane yaro da nasa daidai wa daida. Shi kuwa ya koma adaka sai baɗi. Maƙwabtanmu Kirista masu karanta wannan fili suna iya yin haka nan kafin Kirsimeti, Gizo bai ƙi kowane gida mai abinci ba.

ABUBUWAN KIYAYEWA

Na farko, kada ki mai da Gizo sanda. Ranar da kika ce "in ba ka yi shiru ba Gizo zai gaya wa Baba", ko "ba zai kawo maka kome ba", ran nan kin koma kan kuskurena. Kyautar Salla ba lada ba ce, ba a hana wani a ba wani. Yaron da ya yi laifi ki yi masa faɗa da bakinki, a matsayinki na uwa. Wanda yake ganin kowa cikin duhu da haske Allah ne, kada a ba tsumma wannan matsayi.

Na biyu, a bar yara su taɓa shi, su goya shi, su yi masa magana. Abin da hannu ya taɓa ba ya zama dodo. Da Tasalla ta ƙi kusantarsa ranar farko, sai na ba ta allurar roba da ƙyalle muka yi masa hula tare, ta ga tsumma ne da goriba, daga ran nan ita ce uwar ɗakinsa.

Na uku, lura da inda kike ɓoye shi, domin duk inda kika sa shi nan yaro zai sa hannu gobe ko ba ki nan. Kada a kusa da murhu, ko rijiya, ko fitila, ko wayar lantarki. Kada bisa katanga ko rumbu inda sai an hau. Kada cikin tarin itace, ko rami, ko ƙarƙashin tsohuwar tukunya, saboda kunama. Takalmin ma ki kakkaɓe shi tukuna. A ajiye shi inda ido zai gani, hannu ya kai.

Na huɗu, abin da Gizo ya yi alkawari ki cika. Abu Dawuda ya ruwaito cewa wata rana uwar Abdullahi ɗan Amiru ta kira shi yana yaro ta ce ya zo ta ba shi wani abu, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambaye ta abin da za ta ba shi, ta ce dabino, sai ya sanar da ita cewa da ba ta ba shi kome ba da an rubuta mata ƙarya. Saboda haka kada takardar Gizo ta ambaci keke alhali dabino kike da shi.

Na biyar, in yaro ya dube ki ya tambaya da gaske, gaya masa gaskiya. Rana ta shida Ɗanjuma ya farka da sahur ya gan ni riƙe da zare. Da safe ya ja ni gefe ya ce, "Gwaggo, wa yak kai Gizo can? Ke ta ko?" Na ce ni ce, wasa muke yi irin na tatsuniya. Na zaci daɗin ya ƙare, ashe ƙaruwa zai yi, domin daga ran nan ya zama mataimakina, shi ne ma ya kawo dabarar sawun gawayi. Tasalla kuma da ta tambaya na gaya mata, ta yi shiru kaɗan, ta ce to gobe in sa shi cikin tukunya. Yara sun iya riƙe wasa da gaskiya tare, ba sa rikicewa sai in mu manya muka rantse musu a kan ƙarya.

In wata rana barci ya sace ki ba ki sauya masa wuri ba, kada ki damu. Ki ce yau Gizo ya makara, ku zo mu zaɓa masa wuri da kanmu.

Ranar bakwai ta wasanmu, bayan an dawo daga kai wa tsohuwa kunu, Tasalla ta fasa ƙoƙon Inna. Ina kallonta daga bakin madafa, gabana yana faɗuwa ko za ta nufi bayan randa. Sai ta kwashi guntayen ta kai wa kakarta ta ce, "Inna, ni na fasa, ba Gizo ba na." Inna ta rungume ta, ta harare ni ta gefen ido tana murmushi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gaskiya ne, amma da hannu mai taushi, in an matsa sai ya karye.

To, 'yar'uwata ta Kebbe, ga amsarki. Kina da sauran kwanaki kafin 21 ga wata, nemi goribarki tun yau, ki shawarci Innarki da Babanki, ki kuma je wurin kakarki in tana kusa ta ƙara miki labarun Gizo, domin ta fi ni saninsu. Sauran 'yan'uwa na Tambuwal, da Dogon Daji, da Sanyinna, da Kuchi, da duk inda wannan jarida take kaiwa, wadda ta gwada ta rubuto mini abin da Gizo ya aikata a gidanta, in Allah ya so zan buga masu daɗin ciki bayan Salla.

Allah ya raya mana zuriya, ya kawo mana zaman lafiya har yara su koma dandali, amin. Haza wassalam.

Taku,
Malamar Filin Mata, Tambuwal.